Waƙar Taki a Wutsiyar Kaset

Ku da kuke zaune bakin kasuwa da kwamfuta kuna tura wa mutane waƙa cikin waya, na ji abin da kuke faɗa a kanmu. Wai aikin mai kaset bai wuce ya danna maɓalli ya koma gefe yana cin gyaɗa ba. To, madalla. Ku gyara zama in ba ku labarin aiki guda, ko kwa san cewa kafin a haife ku ma ana shan wuya kafin waƙa ta kai kunnen mutum.

Na koyi sana'ar nan a hannun maigidana Dantani, a wani ɗan shago kusa da tashar mota a Birnin Kebbi, tun muna cikin jihar Sakkwato. Aikin da ya fara ba ni shi ne goge kan rikoda, wato ɗan ƙarfen nan da zaren kaset ke bi ta kansa. Auduga a bakin tsinken ashana, a ɗiga mata sifirit, a goge a hankali. Na daɗe ina wannan kafin ya yarda in taɓa sukudireba. Yakan saka kaset ya juya mini baya, ya ce in faɗa masa abin da ke damun rikodar. In murya ta yi nauyi kamar ta mai mura, batir ne ya yi sanyi. In tana rawa, roba ce ta saki a ciki. In ta dushe kamar ana waƙa cikin tulu, kan rikoda ne ya karkace, sai a juya 'yar ƙaramar ƙusar da ke gefensa har muryar ta washe. In na yi kuskure ba ya faɗa, sai dai ya sake sakawa, mu wuni a kan waƙa ɗaya har in tsane ta.

Akwai wata al'ada tamu da ba ku gada ba, don waya ba ta da wutsiya. Kaset yana da iyaka. Mutum zai kawo nasa ya ce a ɗauka masa waƙoƙi kaza, ka ɗauka, sai a ƙarshen gefe na biyu zare ya rage babu komai a kai. Wannan ragowar muke kira wutsiya. Abin kunya ne mai kaset ya bar ta tana huci a banza, don haka sai ka cika ta da wata waƙa daga wurinka, kamar yadda mai tumatir kan ƙara maka gyara. Doka ɗaya ce, ba a sa kiɗa a bayan karatu ko wa'azi. Kuma waƙar wutsiya a inda zare ya ƙare a nan take yankewa, ko tsakiyar baiti ne, ba wanda ke ƙorafi, don kyauta ce.

Shekarar da aka ba mu jiha, Dantani ya bar mini shagon ya koma noman shinkafa, ya ce kunnensa ya gaji. Garin kuwa ya cika ya batse. Ma'aikata aka kwaso daga Sakkwato, wasu a ofis suke kwana saboda rashin gida, kowa na ta lissafin kwalta da famfo da takin zamani da aka ce suna nan tafe. Ciniki ya buɗe, har na sayi injin da ke ɗaukar kaset da yawa a lokaci guda, na kafa lasifika a ƙofar shago.

Bayan an soke zaɓen nan da kuka ji labari, sojoji suka gyara zama, ran nan da hantsi wani saurayi ya shigo mini. Dogo ne siriri, ya murɗe gashinsa ya tura cikin wata saƙaƙƙiyar hula kamar buhun albasa. Sunansa Bawa, ɗan wani manomi ne a Argungu. Ya zura hannu cikin riga ya fito da kaset a naɗe cikin hankici.

"Malam Sani, an ce kai ad da kunne garin ga. Ina son ka ji wani abu, amma don Allah ka wanke hannu."

Na ce masa hannuna ya fi hularsa tsabta, muka yi dariya, na saka.

Rege ne, irin kiɗan da muka saba ji daga mutanen kudu da na ƙetare, mai tafiya kamar mata biyu na daka ɗaya tana jinkiri. Amma da ya buɗe baki, Hausarmu ce ta Kabi tsantsa. Waƙa ɗaya kan layin mai, ɗaya kan malamin makarantar da ke jiran albashi, ɗaya kan masu cewa gobe za su sauka, goben ba ta zuwa. Mafi tsawo ita ce ta taki, mai amshi kamar haka:

An ce taki na bisa hanya,
Hanyag ga ta kai gidan wa?

Ban taɓa jin an faɗi maganar fadamarmu a cikin wannan kiɗa ba. Ya ce a Jos suka yi shi. Mai jita ɗan bautar ƙasa ne, ya gama ya koma garinsu, mai ganga mutumin Binin ne, ya tsallaka iyaka, su kuma masu situdiyo sun riga sun ɗora wani aiki a kan faifansu. Wannan kaset da ke hannuna shi ne uwa, wato na asali, babu wata. Muka yi shawara in ɗauki kwafi in tara, kada a sayar sai kwalaye masu hotonsa sun iso daga wurin mai ɗab'i. Kafin nan, in riƙa sakawa a lasifika, in kuma riƙa cika wutsiyar mutane da waƙoƙin, ɗaya a nan ɗaya a can, don a ɗanɗana.

Ai kuwa an ɗanɗana. Direbobin hanyar Argungu su suka fara kamuwa, mutum zai kawo kaset ya ce ko me zan ɗauka masa in bar wa Bawa wuri. Dattawan layin masallaci suka ce kiɗan 'yan shaye-shaye ne, amma na lura in aka zo kan ta taki hirarsu takan tsaya. Wani babban ma'aikaci ya ajiye motarsa can nesa ya tako da ƙafa, ya sayi batir ɗin da ba ya bukata, sannan ya yi ƙasa da murya ya ce yaushe na yaron nan zai fito. Manoma ba su ma san sunan kiɗan ba, cewa suke a sa musu waƙar taki. Dantani da ya shigo gari ya tsaya ya saurara har ƙarshe, ya jinjina kai.

"Yaron ga ya iya, ba ƙarya. Amma Sani, zomo ba ya hushi da makashinsa sai maratayinsa. Shi ya yi waƙa, kai ka rataya ta ƙohwar shago."

Na ce masa ai gaskiya yaron ya faɗa. Ya ce shi ma bai ce ƙarya ba ce.

Ba a daɗe ba, wasu mutane suka zo da rana tsaka, cikin mota marar lamba, ba su faɗi daga inda suke ba, ni ma ban tambaya ba. Ba su daki kowa ba. Suka kwashe kwafin da na tara, suka ɗauki uwar, suka kwance lasifika, suka ciccibi injin. Babbansu ya ja zaren uwar a gabana ya naɗe a hannu kamar mai warware rawani, ya cusa a aljihu. A ranar aka ɗauke Bawa a Argungu. Ni ma sun tafi da ni, amma washegari aka sallame ni da gargaɗi, shi kuwa sai da damina ta wuce.

Wannan ita ce muguwar shekarata a sana'a. Babu inji, babu lasifika, mutane na tsoron a gan su a ƙofata. Dantani ya aiko mini da tsofaffin rikodojinsa guda biyu a cikin buhu, na haɗa su da waya, na koma ɗaukar kaset ɗaya bayan ɗaya kamar farkon koyo. Abin da ya riƙe ni shi ne ɗinkin kaset ɗin da rikoda ta tauna. Da aka sako Bawa na je Argungu gaishe shi. Na same shi a gonar albasar mahaifinsa, an aske masa kai ƙwal, ya rame. Na fara maganar waƙa, ya ɗaga mini hannu.

"Bar zancen ga, Malam Sani. Abin da anka kashe ya mutu. Ko na so, ina mai jita, ina mai ganga? Ni yanzu albasa nika yi."

Na dawo gida raina a ɓace. Abin da ya fi ci mini rai shi ne aikin da yaro ya zuba ransa a kai ya zama kamar ba a taɓa yi ba, shi kansa ya yarda da haka.

Ana nan, wani direba mai suna Manu ya kawo mini kaset ɗin da rikodar motarsa ta tauna. Aiki ne na kullum. Ka kwance ƙusoshi, ka yanke inda ya cukurkuɗe da reza a karkace, ka haɗa baki da baki, ka ɗan shafa jan farce a baya, ka bari ya sha iska, ka naɗe da biro. Na gama na saka don gwaji, na tura shi can ƙarshe, sai ga muryar Bawa tana waƙar layin mai, tas da ita. Nan take na gane. Mutanen nan sun kwashe abin da ke cikin shago, amma ba su san wutsiya ba. Waƙoƙin suna nan warwatse a motoci da gonaki da ɗakunan mata, daga Gwadangaji har Augie.

Na ce wa Manu ya rufe ƙofa, na yi masa bayani. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Wanga ai mai sauƙi na. Duk direban da ke bisa hanyag ga ɗan uwana na. Ka ba mu lokaci."

Ba a yi shela ba, daga baki sai baki. Kaset ya riƙa zuwa mini a cikin buhun shinkafa, a ƙarƙashin kujerar direba, a ɗaure a bakin zanen wata tsohuwa da ta ce jikanta ne ya aiko ta, amma ta tsaya sai da ta ji na saka. Wasu sun ƙi bayarwa, ban ga laifinsu ba. Wasu sun riga sun ɗora wa'azi a kai don tsoro. Duk wanda ya kawo, in kwashe abin da nake so in mayar masa da abinsa.

A nan ne aikin yake, ku masu cewa maɓalli. Kowane kaset da irin wahalar da ya sha. Na mota rana ta gasa shi, zaren ya miƙe, waƙar tana jan ƙafa. Na gona ƙura ta cinye masa murya. Sai ka saurari kwafi da yawa na waƙa ɗaya, ka ɗauki farko daga wannan, tsakiya daga wancan, ka daidaita gudunsu da kunne, ka haɗa a daidai bugun ganga yadda mai saurare ba zai ji ɗinkin ba. In ka saki maɓallin tsayawa da wuri ko ka makara da ƙiftawar ido, ka ɓata, sai ka koma farko. Gajerun waƙoƙin duk na same su cikakku. Ta taki ce ta gagara. Saboda tsawonta, duk wutsiyar da na sa ta sai zare ya ƙare kafin baitin ƙarshe. Kowa na da kanta, ba mai ƙafafunta, kuma a can ƙarshen ne Bawa ya ajiye maganar da ta sa aka kama shi.

Na kusa haƙura, sai Manu ya zo da labarin wani masunci a Argungu, Baba Tanko. Da ya kwatanta shi na tuna shi. Ya taɓa kawo dogon kaset ya ce waƙa ɗaya tak yake so ta makaɗan masunta, wutsiyarsa ta yi tsawon da na zuba masa ta taki gaba ɗaya. Muka same shi bakin gulbi yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Ya shiga bukka ya zaro kaset daga cikin jinka ya miƙo mini. Laka ce ta bushe a ciki har ba a ganin zare.

"Jirgi ya kihe da ni, da rikoda da komi," in ji shi. "Rikoda ta tahi, wanga na lalubo shi cikin taɓo. Ba shi magana, amma na kasa yasda shi. In ka iya tashe shi, ɗana, ka tashe shi."

Ban taɓa yin irin wannan aiki ba, sai na ɗauke shi na kai wa Dantani a gona. Ya juya shi a hannu, ya shinshina, ya ce kada in kuskura in saka shi a rikoda, kuma kada rana ta gan shi. Muka fasa gidan kaset ɗin, muka tsoma zaren yadda yake a naɗe cikin kwanon ruwan rijiya mai kyau, muna canza ruwa har laka ta saki. Sannan muka warware shi a hankali, ni ina ja shi yana gogewa da tsumman farin yadi mai laushi, muka rataya shi a kan igiyoyi cikin ɗaki kamar taliyar Hausa. Matarsa ta leƙo ta ce tsufa ya fara taɓa maigida. Da ya bushe na naɗe shi da biro, da hannu, tun daga farko har ƙarshe, na sa shi cikin sabon gida. Wuyan hannuna ya yi kwanaki yana ciwo.

Na saka, muka kasa kunne. Ga ganga, ga jita, ga Bawa, murya ta ɗan dushe amma tana nan. Ta wuce inda sauran ke yankewa, na ji kamar in yi guɗa. Ta shiga baitin ƙarshe, sai ɗif. Zare na tafiya, babu sauti. Can kuma kiɗa ya dawo, amshi ya rufe waƙar. Laka ta cinye baƙin da ke kan zaren a daidai wurin, ka ɗaga shi sama kana hango haske ta ciki. Wannan babu mai gyara shi, ko Dantani.

"To ai mai baitin bai mutu ba," in ji Dantani. "Kai mashi abinai hakanan."

Na haɗa kaset ɗin duka, kowace waƙa a gurbinta, na bar ramin yadda yake. Na sayi sabon batir, na saɓa rikoda, na shiga motar Manu. Muka sami Bawa yana ban ruwa a fadama, ƙafa duk taɓo. Da ya ga rikoda ya ɗaure fuska. Na ajiye ta a kan kunyar gona na danna.

Ya ci gaba da aikinsa kamar bai ji ba. Waƙa ta farko ta wuce, ta biyu ta shiga, na ga ƙwaryar hannunsa ta daina motsi. Masu aiki a gonakin kusa suka fara matsowa. Ya tambaye ni ba tare da ya juyo ba, ina na samo. Na ce a wurin mutane, na shiga lissafa masa direbobi da masu shinkafar Augie da tsohuwar nan da Baba Tanko. Ya zauna a kan kunya ya sunkuyar da kai. Ta taki ta zo, mutane na amshi ƙasa-ƙasa, har aka iso ramin, kiɗa ya ɗauke. Ban san abin da Bawa zai yi ba. Sai na ji muryarsa a gefena, ba ganga ba jita:

Gulbi ba ya cin alkawali,
In ya tahi shina dawowa.
Ku da kunka ce kuna tahiya,
Ga hanya, mi kuka jira?

Kiɗa ya dawo ya same shi bai gama ba. Ya share fuska da bayan hannu, ya harari rikodar.

"Maido shi baya, Malam Sani. Na yi jinkiri, ban shiga daidai ba. Kana da makirho?"

Ina da shi a aljihu, don ba a fafe gora ranar tafiya. A nan fadamar muka ɗauki baitin da muryarsa kaɗai don cike ramin, sai da ya maimaita har ya gamsu, in ka kasa kunne za ka ji kukan tsuntsaye a bayansa.

Ba mu fitar da shi ba sai da abubuwa suka lafa, kuma ba kwali ba hoto, sunansa kawai na rubuta da biro. Ya shiga ƙauyukan da ni kaina ban taɓa takawa ba, Bawa kuma ya nemi sababbin makaɗa. Wata rana ina cikin motar Manu za mu Augie cin kasuwa, mota cike da manoma, ta taki tana tashi. Da aka iso wurin nan kiɗa ya ɗauke, motar gaba ɗaya ta ɗauki baitin tare da Bawa, har matan da ke baya. Wani dattijo baƙo da ke gaba ya tsorata, ya taɓa Manu ya ce ko kaset ɗin ya lalace ne, ya ji ganga ta tsaya.

"Lahiya lau shike, Baba," in ji Manu. "Nan wurinmu na."